Idan Hanta Ta Gaza: Jawabi ga Magidantan Bakin Kumadugu

A watan Afrilu na 2017 ma'aikatar lafiya ta Nijar ta ba da sanarwar ɓarkewar ciwon hanta nau'in E a jihar Diffa. Ciwon ya fi yin ɓarna cikin mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga bakin Kumadugu da tsibiran tabkin Chadi, waɗanda suka kafa bukkoki a gefen kwalta suna shan ruwan da ya samu. Namiji mai ƙarfi yakan yi shawara ta 'yan makonni, ya miƙe. Mace mai tsohon ciki kuwa, cikin kwanaki kaɗan hantarta kan tsaya, shi ya sa galibin waɗanda suka rasu a wannan annoba mata ne masu juna biyu. Da aka gyara ruwan sha, aka raba sabulu, aka haƙa masai, sai ciwon ya lafa.

To, jama'a, wannan shi ne mai zuwa da hayaniya. Akwai ɗan'uwansa mai zuwa shiru, nau'in B, kuma shi ya fi cin gidaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a duniya, kuma ƙasashenmu na Afirka ta Yamma suna cikin inda ya fi yawa. Akasari tun mutum yana jariri yake samunsa, daga uwa wajen haihuwa, ko daga askar da aka yi wa wani tsaga ko kaciya ko cire beli da ita ba a dafa ba. Cikin jarirai 10 da suka kamu, wajen 9 za su rayu da ƙwayar. Sai ta yi shekara 20 ko 30 tana cin hanta, mai ita yana noma, yana aure, bai san komai ba. Ba a ɗaukarsa ta gumi, ko ta cin tuwo kwano ɗaya, ko ta musafaha. A daina ware wa majinyaci kwanonsa kamar wanda ya yi laifi.

Hanta ita ke tace jini daga dafi, ita ke yin ruwan matsarmama, ita ke haɗa abin da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Ranar da ta gaza, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja, ƙafa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa. Wani ya yi aman jini, wani ya rikice, ya yi ta barci da rana yana sambatu da dare. Mai ciwon ƙoda yana da injin wankin jini da zai riƙe shi shekaru. Hanta ba ta da irin wannan inji.

Mu ɗauki misalin wani manomin tattasai a wajen Geskeru. Cikinsa ya fara tasowa bayan an kwashe amfani. Gida suka ce sammu ne, tun da bana gonarsa ta fi ta kowa kyau. Aka kai shi wurin mai magani, aka ba da akuya, aka dawo da jiƙe-jiƙe. Da zafin jiki ya matsa, sai aka riƙa saya masa farasitamol wurin mai tallar magani a tire, yana sha babu ƙidaya. Ku lura da nan da kyau: duk abin da mutum ya haɗiya sai ya bi ta hanta, kuma hantar da ta gaji ba ta iya ɗaukar sassaƙen da ba a san awonsa ba, haka ma farasitamol in ya wuce ƙa'ida. Sai bayan wata uku aka kai shi babban asibitin Diffa, daga nan aka tura su Damagaram, daga can Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 1,300 daga gida. Kafin a ji sunan ciwon daga bakin lokotoro, kuɗin tattasan bana sun ƙare a mota da masauki da gwaje-gwaje.

A nan ne ake fara jin kalmar dashe. Gaskiya ne ana yi. Wani likitan Amurka, Thomas Starzl, shi ya fara gwada dashen hanta a 1963, aka fara cin nasara a 1967. Allah kuma ya yi hanta da wata baiwa: in aka yanki wani sashe daga ta mai lafiya aka dasa wa majinyaci, duka biyun sukan tofo su cika cikin 'yan watanni. Ta fuskar addini, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta ba da sashen jiki bisa sharuɗɗa, ta kuma haramta sayar da shi. Amma ba a yin dashen hanta a Nijar. Dashen da kuke ji ana yi a asibitin Malam Aminu Kano da asibitin koyarwa na Maiduguri na ƙoda ne. Mai neman na hanta sai ya nufi Indiya ko Masar ko Turkiyya.

Kuɗin aikin kaɗai ya haura miliyan 10 na sefa. Ban da jirgin mutum uku, wato majinyaci da mai bayarwa da mai jinya, ban da fasfo da biza, ban da hayar ɗaki na wata biyu ko uku kusa da asibiti. Dokar Indiya ta 1994 ta fi amincewa da ɗan'uwa na kusa, kuma sai wani kwamiti ya duba takardun da ke tabbatar da dangantakar. Mai bayarwa sai ya kasance baligi mai lafiya, jininsa ya dace, ya kuma yarda don kansa, domin shi ma wuƙa za ta shiga cikinsa kuma akwai haɗari. Ga wani ƙulli da mutane ba su cika hangowa ba: in daga uwa aka samo ciwon, sau da yawa 'yan ɗakin nan duka suna ɗauke da shi, sai a auna ƙane da yaya a tarar babu mai iya bayarwa. In kuma an yi aikin an dawo lafiya, akwai maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar hantar, irin su takrolimus, wanda za a sha kullum har ƙarshen rai, da awon jini a kai a kai. Wata ɗaya aka tsallake, aikin miliyoyi na iya rushewa. Mutumin Bosso ko Maine Sorowa ya tambayi kansa tun yanzu: ina zan riƙa samun wannan magani, kuma da kuɗin wa?

Ba don a karya wa kowa gwiwa ake faɗin wannan ba. Wanda Allah ya hore wa, ya tafi. Abin da muke ja wa kunne shi ne yanke shawara cikin ruɗewa. Mun san halin da kwarin Kumadugu ya shiga tun 2015, lokacin da dokar ta-ɓaci ta taɓa cinikin tattasai da na banda da hawan babur, ga kuma ambaliyar da ke cinye fadamu. Gidan da ya sayar da gonar bakin kogi da injin ban-ruwa ya haɗa rabin kuɗi, bai kai Indiya ba, bai kuma bar wa yara abin nomawa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka dangi su zauna, maza da mata, har da uwargida, domin ita ke kwana da majinyaci kuma ita aka fi mantawa da ita wajen shawara. A zaɓi mutum ɗaya mai riƙe kuɗi, a ba shi littafi, duk gudummawar da ta shigo daga masallaci ko 'yan adashi ko ɗan da ke ci-rani a rubuta, duk abin da ya fita a rubuta. Rashin wannan littafi ya raba zumunci a gidaje da yawa bayan an share makoki. A zaɓi wani mai natsuwa ya tsaya gaban lokotoro ya yi tambaya ba kunya: “Ranka ya daɗe, ina ciwon ya kai? Dashe zai yi masa amfani, ko ya wuce nan?” Domin in ciwon daji ya riga ya bazu, dashe ba ya magani. Kada a ba dillalin asibitin waje ko dala sai an ga takardar asibitin da kanta, da jimillar kuɗi a rubuce, an kuma nuna wa likitan gida. Kuma kada a taru a kan ƙaramin gida a ce, “Kai ne za ka ba Yaya.” A bar shi ya gana da likita shi kaɗai, in ya ce a'a, a rufa masa asiri.

Wanda dashe ya fi ƙarfinsa ba a gama da shi ba. Akwai ƙwayar tenofobir, guda ɗaya a rana, mai danne ƙwayar cutar B, har hantar da ta fara lalacewa takan ɗan farfaɗo. Sharaɗinta kada a daina sai da izinin likita. Ana zuƙe ruwan ciki a asibiti, ana ba da maganin rage kumburi da na hana rikicewa. A ɗakin girki kuma a rage gishiri ƙwarai, har da mangul da kanwa da dunƙulen miya. A zubar da gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, domin dafinsu yana haɗuwa da ciwon B ya jawo dajin hanta. Giya kam ko ɗigo. A 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin jinya a asibitocinta da rabi, sai a tambayi farashin da ke rubuce kafin a biya.

Daga cikin kuɗin da aka tara, a fara cire na awon jinin mutanen gida: matan majinyaci, da 'ya'yansa, da waɗanda suka fito ciki ɗaya da shi. Ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako ya fito a ranar. Wanda ba shi da ƙwayar a yi masa allurar rigakafi sau 3. Wanda ke da ita likita ya riƙa duba shi, ko da yana jin garau. Tun 2008 rigakafin ciwon B yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a Nijar daga mako na 6, amma jaririn da uwarsa ke ɗauke da ƙwayar yana bukatar allura cikin awa 24 da haihuwa. Mai ciki ta nemi a auna ta tun wajen awo, ta haihu a asibiti, maigida kuma ya tanadi allurar tun watan haihuwa bai kama ba.