Kwaɗon Ɗanyen Ganye Daga Lambun Watari

Uwargida, lokacin rani lambunan madatsar Watari suna cika kasuwar Bagwai da tumatir, albasa da latas. Ki riƙa ba iyali wasu ɗanye, domin wuta tana rage bitamin C. Ki yanka latas da tumatir da gurji, ki barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli da ɗan yaji, ki matsa lemon tsami, ki ɗiga man gyaɗa. Amma fa ki fara wanke latas ɗin ganye-ganye da ruwa mai tsabta, don taki yakan bar ƙwan tsutsar ciki a jikinsa. Wake kam sai an dafa. Wanda kuma ya bar nama, nono da ƙwai gaba ɗaya, ya nemi shawarar likita kan bitamin B12, domin ganye ba ya ba da shi.