Nahawu Uku a Fayil Ɗaya: Nazarin Ruɗanin Ginin Jumla a Manhajar rsyslog

1.0 Gabatarwa

Galibin kwamfutocin da ke aiki da Linux suna adana kundin abubuwan da suka wakana a cikinsu, kamar wanda ya shiga da kuskuren da ya auku. Tushen wannan aiki shi ne tsarin syslog, wanda Eric Allman ya ƙirƙiro a shekarun 1980. A 2004 Rainer Gerhards, ɗan ƙasar Jamus, ya fara gina manhajar rsyslog a kan wannan tushe. Wannan maƙala ta ɗauki fayil ɗin da ake rubuta wa manhajar umarni a matsayin harshe mai nahawunsa, domin gano inda ruɗani yake tasowa.

2.0 Salon Gado

A wannan salo jumla tana da sassa biyu: saƙon da za a zaɓa, da inda za a kai shi. An kasa saƙonni zuwa matakan tsanani 8, daga 0 mafi tsanani zuwa 7. Mai karanta mail.info zai zaci saƙonnin matakin info kaɗai ake nufi, alhali ma'anar ta haɗa da duk matakan da suka fi shi tsanani. Sai an rubuta mail.=info ma'anar take taƙaita. Haka kuma alamar @ guda tana aika saƙo zuwa wata kwamfuta ta hanyar UDP, wadda ba ta tabbatar da isarsa, @@ kuwa ta hanyar TCP. Mance alama ɗaya na iya salwantar da shaidar da za a nema bayan an yi wa kwamfuta kutse.

3.0 Salon Alamar Dala

Salo na biyu ya ƙunshi umarnin da ke farawa da $. A nan muhallin jumla shi ke tantance ma'anarta. Umarni irin $ActionQueueType yana shafar aikin da ya biyo bayansa kawai, yayin da tasirin $ActionFileDefaultTemplate yake ɗorewa har sai an sauya shi. Siffar kalmomin biyu ba ta nuna wannan bambanci ko kaɗan.

4.0 Salon RainerScript

Daga fitowa ta 6 ta manhajar aka faɗaɗa salo na uku, inda kowane aiki yake ɗauke da sharuɗɗansa a cikin baka, misali action(type="omfwd" protocol="tcp"). Kalmar stop ta maye gurbin alamar ~ wajen watsar da saƙo. Sai dai manhajar tana karɓar salon uku a fayil ɗaya, kuma umarnin $ActionQueueType ba ya tasiri a kan aikin da aka rubuta da sabon salo. Mai kula da kwamfuta zai ɗauka sharaɗinsa yana aiki, alhali ba haka ba ne.

5.0 Kammalawa

Littafin jagoran manhajar ya amince da salon gado a ƙananan ayyuka, ya fifita RainerScript a manya, ya kuma yi hani ga salon dala. Duk da haka tsofaffin misalai sun cika intanet, kuma daga can mai koyo yake kwafowa. Saboda haka ya kamata duk mai rubuta jagora ko fassara shi ya bayyana salon da kowane misali yake ciki, da fitowar manhajar da ya dace da ita, kafin ya shiga bayanin ma'anarsa.