Sanyin Jos Jari Ne: Yadda Sarrafa Ƙasa Ke Sauya Yanayi a Tudun Filato

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa lodin dankalin turawa a Bokkos, ko kabeji da karas a kasuwar Farin Gada da ke Jos, ya san cewa kayan nan albarkar sanyi ne. Sanyin ne ya sa ake noma a wannan tudu abin da ba ya yi a yawancin sassan Nijeriya da damina, shi ne kuma ya daɗe yana jawo baƙi da makarantu da otal-otal zuwa garin. Wannan nazari zai duba yadda hanyar da ake sarrafa ƙasa, wato haƙar ma'adinai da saran itace da gine-gine, take taɓa wannan jari, da kuma abin da ya kamata masu harkar kasuwanci su sa cikin lissafinsu.

Asalin sanyin

Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa sun haura mita 1,800. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kimanin digiri 6 da rabi a ma'aunin Salshiyas. Wannan kyauta ce ta Ubangiji, babu mai iya ƙarawa ko ragewa. Amma akwai kaso na biyu na sanyin wanda ke hannun ɗan'adam, shi ne wanda ya dogara ga abin da ya lulluɓe ƙasa: ciyawa ce ko bishiya, ruwa ne ko kwalta, gona ce ko kwanon rufi.

Hanyoyi uku

Masana sun bayyana hanyoyi uku da mayafin ƙasa ke taɓa yanayi. Ta farko ita ce gumin tsirrai. Bishiya tana zuƙo ruwa daga ƙasa ta fitar da shi ta ganye a matsayin tururi, kuma kowace lita ɗaya da ta zama tururi tana ɗauke zafin da ya kai kimanin kashi biyu bisa uku na yunit ɗaya na wutar lantarki. Ke nan bishiyar da ta fitar da lita 100 a yini ta kwashe zafin da ya kusa yunit 70, ba tare da an biya ko kwabo ba. Idan aka sare ta, wannan zafi yakan tsaya a iskar unguwa.

Hanya ta biyu ita ce riƙon zafi. Kwalta da siminti suna shan zafin rana da yini, su riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Shi ya sa tsakiyar gari kan fi ƙauyukan da ke kewaye da shi ɗumi, musamman bayan faɗuwar rana.

Hanya ta uku ta shafi duniya baki ɗaya. Itace da ƙasa mai taki rumbu ne na sinadarin kabon. Idan aka ƙone itacen ko aka tone ƙasar, sai ya tashi sama ya shiga cikin iskar da ke ɗumama duniya. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a rahotonsa na 2019 cewa noma da saran daji da sauran hanyoyin amfani da ƙasa su ne suka haifar da kimanin kashi 23 cikin 100 na irin wannan iska da ɗan'adam ya fitar tsakanin 2007 da 2016. Nijeriya tana da nata kason, domin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙasar ta riƙa asarar kimanin hekta 410,000 na daji a kowace shekara daga 1990 zuwa 2010.

Abin da kuza ta bari

Babban sauyi na farko a fuskar tudun Jos ya zo ne da haƙar kuza. Kamfanonin Turawa sun soma aiki a farkon ƙarni na 20, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layin dogo daga Fatakwal kuwa a 1927. Haƙar ta kai ƙololuwa a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka fitar da kimanin tan 17,000 a shekara guda, aka kuma kwaso dubban leburori ta hanyar aikin tilas. Tun kafin zuwan kamfanonin noma da kiwo sun rage dajin tudun, sai barikokin ma'aikata suka zo da buƙatar itacen girki da na jin ɗumi, suka ƙarasa da yawa daga abin da ya rage.

Ita kanta haƙar a fili ake yinta: a yaye ƙasar sama mai taki, a wanke ta ƙasa da ruwa, a bar tarin yashi da rami. An ƙiyasta cewa filin da ya lalace ta haka ya haura murabba'in kilomita 300, galibi a yankin Jos da Bukuru da Barikin Ladi. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985, sai manyan ayyuka suka tsaya, ramukan kuwa suna nan. An yi yunƙurin gyara tun zamanin mulkin mallaka ta hanyar cike wasu ramuka da dasa itacen turare, amma kaɗan aka iya gyarawa.

Sai dai masu iya magana sun ce faɗuwar wani tashin wani. Ɗaruruwan ramukan sun cika da ruwa sun zama tafkuna, manoman rani kuma suka mai da su madogara, har suka zama ɗaya daga cikin ginshiƙan cinikin kayan lambu zuwa Abuja da kudancin ƙasar. Darasin a nan shi ne, sauyin da aka yi wa ƙasa yakan daɗe fiye da sana'ar da ta kawo shi, ko alheri ko akasinsa.

Gari ya faɗaɗa

Sauyi na biyu shi ne na gine-gine. Jos ta zama hedikwatar Jihar Binuwai-Filato a 1967, ta Jihar Filato a 1976, kuma ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙananan hukumomi uku na Jos sun haura mutum 800,000. Jos da Bukuru, waɗanda a da gonaki da fili suka raba, sun haɗe sun zama gari guda. Gonakin acca da fadamun bakin rafi sun koma filotai, ana fasa duwatsu don tsakuwa, gawayi da itace kuma suna shigowa gari kullum daga dazuzzukan da ke gangaren tudun.

Illar wannan ba ta tsaya ga zafi kaɗai ba. Jos tana samun ruwan sama da ya kai kimanin milimita 1,300 zuwa 1,400 a shekara. Ƙasa mai ciyawa takan shanye kaso mai yawa ta ajiye wa rijiyoyi, amma kwano da siminti sai su tura shi gaba ɗaya cikin kwata a lokaci guda. A watan Yuli na 2012, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta ratsa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ta hallaka mutum aƙalla 35, ta rushe gidaje da yawa, musamman waɗanda aka gina a hanyar ruwa.

Haka kuma, tudun Jos shi ne mafarin kogin Kaduna da na Gongola da wasu rassan Binuwai, kogin Dilimi da ya ratsa garin kuwa yana gangarawa ne zuwa Jama'are. Saboda haka yashi da ambaliyar da suka taso daga nan sukan isa ga manomin da bai taɓa taka Jos ba.

Lissafin ɗan kasuwa

Ya dace a faɗi gaskiya: dasa bishiya a Jos ba zai tsai da ɗumamar duniya ba, domin tushenta mafi girma shi ne ƙona man fetur da gas da kwal. Amma zafin unguwa da gudun ruwa da lafiyar ƙasar noma suna hannun mutanen wurin, kuma kowannensu yana da farashi.

Dankalin turawa yana bukatar dare mai sanyi kafin ya yi 'ya'ya sosai, kuma Jihar Filato ce ke noma mafi yawansa a Nijeriya, shi ya sa aka kafa tashar bincikensa a Kuru. Idan dare ya yi ɗumi, amfani yakan ragu, wanda aka ajiye kuma yakan yi saurin tsiro da ruɓewa. Mai kiwon kaji zai ga ƙwai ya ragu. Mai otal da ya saba da fanka zai koma sayen na'urar sanyaya ɗaki da man janareta. Mai shago a bakin rafi kuwa yana iya rasa jarin shekara goma cikin dare ɗaya.

Abin yi

Na farko, kafin sayen fili a tambayi tarihinsa: tsohon ramin kuza ne da aka cike, ko hanyar ruwa ce? A nemi izinin Hukumar Raya Birnin Jos kafin a aza tubali, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa amanar filayen birni a hannun gwamnan jiha. Na biyu, mai gina kasuwa ko masana'anta ya bar wani sashe na filin ba siminti, ya dasa itatuwan inuwa, ya tara ruwan rufi a tanki. Na uku, gidajen burodi da na abinci su auna kuɗin itace da na gas ko murhu mai tsimin makamashi, su duba wanda ya fi sauƙi a tsawon shekara.

Akwai kuma kasuwa a cikin gyaran kansa: renon dashe, kiwon kifi a tafkunan da aka gwada ruwansu, famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, da rumbunan ajiyar dankali masu shan iska. A ƙarshen 2021 Nijeriya ta kafa Dokar Sauyin Yanayi, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 700 don farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, ciki har da Filato.

Kuza ta yi zamaninta na kimanin shekara 80 ta wuce, ta bar ramuka. Sanyi kuwa jari ne da ba ya ƙarewa muddin an kula da shi, kuma kulawar tana farawa ne daga filin da kowane mai kuɗi ya saya. Da ma an ce rigakafi ya fi magani.