Yarinyar da take barci a aji

Shekara 19 ke nan ina riƙe da alli, kuma kusan dukansu a makarantun firamare na ƙasar Wurno na yi su, daga Magarya zuwa ƙauyukan bakin fadama. A duk tsawon nan babu darasin da ya zauna mini kamar wanda na koya daga wata 'yar aji huɗu da ba ta iya kai ƙarfe goma na safe ido biyu. Ba zan faɗi sunanta ko garinsu ba. Labarin kawai ta yarda in bayar.

Da an shiga darasi na biyu sai ta kifa kai a kan benci. Na yi faɗa, na tsayar da ita a bayan aji, a raina na yanke cewa lalaci ne. Wata uku ina haka, Allah ya yafe mini. Ranar da na gane, na je tayar da ita ne na kama hannunta, sai ta zabura, hijabin ya zame. Daga kafaɗa har gwiwar hannu shatin igiya ne, sabo a kan tsoho. Na ce, "Ɗiyata, wa ya yi miki wannan?" Ta ce, "Malama, faɗuwa na yi." Duk malamin da ya daɗe a aji ya san wannan amsa.

Sai da na yi makonni ina ajiye mata kunu da ƙosai lokacin tara, ba tare da na sake tambayarta komai ba, kafin ta buɗe baki. 'Yar riƙo ce. Mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta ta yi aure a wani gari, aka ba goggonta ita. Tun kafin kiran sallar asuba take tashi ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta zaga da tallan fura, sannan ta rugo makaranta. Da an tashi, in lokacin cirar albasa ne ta wuce fadama aikatau, da dare kuma ta ɗauki farantin gyaɗa. Ranar da ciniki ya yi giɓi, ko da na naira hamsin ne, igiya ce, kuma ta kwana ba tuwo. Bencin ajina shi ne kaɗai wurin da babu mai kiranta aiki, ni kuma na zo ina hana ta shi.

Irinta suna da yawa fiye da yadda muke so mu yarda. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da taimakon UNICEF a 2014 ya nuna yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun gamu da lalata. Waɗanda suka sami wani taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Mafi yawan masu aikata abin kuwa ba baƙi ba ne, mutanen da yaron ya sani ne.

Mu a nan muna da kalmomin da muke lulluɓe abin da su. Mukan ce horo ne. Mukan ce a rufa asiri, a bar wa Allah, ai ɗan wani ba ya shiga tsakanin mai riƙo da abin riƙonsa. Ni ban ƙi tarbiyya ba, da ita aka raine ni. Amma horon da yake fasa fata, yake hana yaro abinci, yake sa shi fitsarin tsoro in ya ji takun babba, ba daga addininmu ya fito ba. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba, kuma Anas ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba.

Dole kuma in faɗi gaskiya a kan talauci, don kada a ɗauka duk mai riƙo azzalumi ne. Ƙasarmu ta noma ce. Ruwan madatsar Goronyo da fadamar Rima suna ciyar da mu da shinkafa da albasa da tafarnuwa. Amma ambaliyar 2010 ta share gidaje da rumbuna, sannan 'yan bindiga suka zo. Bayan harin Tabanni a 2018 mutane suka cika Gandi da gudun hijira, a watan Oktoban 2021 aka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo. Duk magidancin da aka kashe ko aka raba da gonarsa, ɗiyansa ake rarrabawa cikin dangi, dangin da su ma ba su ƙoshi ba. Farantin talla a irin wannan gida shi ne cefanen dare.

Shi ya sa da na je wurin goggon ban je da hukuma ba. Na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa har sau uku. Na ce, "Goggo, alfarma na zo nema. Wagga ɗiya taki tana da kai, ina so ki ara mini ita da safe." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta fara kuka. Mijinta ya shekara biyu ba ya iya zuwa gonarsa ta nesa, bakuna tara take ciyarwa, ita ma da igiya aka raine ta a gidan riƙo. Ban wanke ta ba, na gaya mata na ga hannun yarinyar kuma zan riƙa dubawa. Amma na fita na nemo wata dattijuwa mai koyar da matan aure a unguwar, wadda maganarta take da nauyi a gidan fiye da tawa. Ita ta sa aka daina tallan safe, ita ta shigar da goggon adashen mata har ta sami jarin ƙuli-ƙuli da take sayarwa daga cikin gida. Dukan bai tsaya rana ɗaya ba. Ya ragu ne a hankali, da aka san akwai idon da yake kallo.

Kafin ƙarshen shekara yarinyar ta fara karanta Hausa ba gargada. A aji shida ita take karanta wa maƙwabta takardar asibiti.

Daga baya na ci karo da wani bincike da ya faɗi abin da na gani da idona. Wata masaniya mai suna Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Amurka har suka manyanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin talauci da rikicin gida. A cikin waɗannan kuma, kashi ɗaya cikin uku sun zama mutane natsattsu masu riƙe kansu. Da aka duba abin da ya haɗa su, sai aka tarar kusan kowanne yana da wani babba da ya tsaya masa, kaka ko inna ko malami ko maƙwabci.

Ba sai mun je Amurka aron wannan ba. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda hubbarensa yake nan Wurno, ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru tun kafin rasuwarta a 1864. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji ta jagoranci mata da 'yan mata su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar, su kuma kula da marasa lafiya da marasa galihu a garinsu. Abin da ya fi burge ni shi ne Nana ba ta tsaya ga rubuta karatun ba, ta damƙa shi a hannun mutumin da zai bi ɗaliba har ƙofar ɗakinta. Dattijuwar da ta taimake ni ba ta da malfa, amma aikin jaji ta yi.

Doka ma tana bayanmu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, kuma jihar Sakkwato ta sa hannu a dokar kare yara a 2021. Sai dai doka ba ta ganin shatin igiya a ƙarƙashin hijabi. Malami ne yake gani, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, da malamin allo. Ina roƙon abokan aikina su lura da yaron da yake barci kullum, da wanda ya daina magana bayan da can mai surutu ne, da wanda ba ya son a tashi makaranta, da yarinyar da take ƙin a aike ta wani gida takamaimai. A tambaye shi a keɓe, ba gaban aji ba. In ya faɗa, a yarda da shi tukuna, kada a ce ƙarya yake wa manya. Kada kuma a yi masa alkawarin ba za a gaya wa kowa ba, a ce masa sai wanda zai taimaka. In lalata ce, wannan ta wuce sulhun zaure. A kai yaron asibiti kafin awa 72 su cika, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki. A Sakkwato akwai Cibiyar Nana Khadija da aka buɗe domin irin wannan.

Ba kowa na iya riƙewa ba. Akwai wani yaro mai kaifin lissafi da na lura da shi a makare, ya gudu daga gida yana aji biyar, aka ce an gan shi a tashar mota. Har yau in na shiga Sakkwato ina duba fuskokin masu turin baro.

Yarinyar nan kuwa ta wuce ƙaramar sakandare. A aji uku baffanta ya kawo maganar aure, muka yi ta zarya ni da dattijuwar har muka kai ga liman, aka tsaya a kan ta gama sakandare tukuna. Ta gama, ta yi auren, mijin ya cika sharaɗin da aka gindaya masa na barinta ta ci gaba da karatu, ta shiga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da goyo a bayanta. Yanzu tana koyarwa, kuma ita take sayen maganin hawan jinin goggonta.

Ranar da ta karɓo takardar shaidarta ta biyo ta gidana ta nuna mini. Mayafinta ya karkace, na ɗaga hannu zan gyara mata, sai ta sunkuyar da kai da sauri ta kare fuska da hannu. Shekararta 24 a lokacin. Muka tsaya muna kallon juna. Sannan ta kamo hannun nawa da kanta ta ɗora a kanta, ta ce, "Gyara mini, Inna."