Ciwon Bushewar Reshe

Duk wanda ya bi hanya daga Tsafe zuwa Gusau, ya wuce Bunguɗu, zai ga dogon yaro da mangwaro a bakin kasuwa da ƙofar makaranta. Dogon yaro baƙo ne, asalinsa ƙasar Hindu, a 1928 aka kawo shi Barno. Yau kuwa shi ne inuwarmu.

Wani lokaci mu kan ga reshe ɗaya ya bushe, sauran itacen ɗanye shar. Bushewar daga tsinin reshe ta kan fara, tana sauka a hankali. Ganye ya yi ja, ya ƙanƙance. In mangwaro ne, har ƙaro ya kan tsattsafo. Mutane su kan ce gara ce. Sau da yawa gara daga baya ta zo, ta tarar da mushe.

Mai ɓarnar wata irin fumfuna ce, 'yar'uwar wadda ke fitowa kan tuwon da ya kwana biyu. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Iska da feshin ruwan sama ke yawo da su. Ta rauni su ke shiga, watau inda aka sari itace da gatari, ko aka yi sassaƙe don magani, ko akuya ta gwaguya, ko aka ƙona shara a gindi. Yawancin ƙofofin nan mu ne mu ke buɗe su da hannunmu. In ta shiga sai ta toshe hanyar da ruwa ke bi ya hau. Itacen da ƙishirwar bazara ta galabaitar shi ta fi kayarwa.

Amma ba kowace bushewa ce ciwon nan ba. Wajen 1990 dogon yaro ya yi ta kaɗe ganye a Nijar da arewacin Nijeriya. Masana da suka bincika suka fi ɗora laifin a kan fari da rashin ƙarfin ƙasa. Saboda haka mu fara ɓare ɓawo kaɗan mu duba. In cikin ya yi baƙi-baƙi, to, fumfuna ce.

Sai mu jira ranar da babu ruwa. Mu yanke reshen da zarto, taƙi ɗaya ƙasa da inda baƙin ya tsaya, har mu ga farin itace. Kada mu jingine shi a gindi don girki, mu ƙone shi nan da nan. Mu gasa bakin zarton a wuta kafin mu taɓa wani itace. Ƙananan itatuwa kuwa mu kewaye su da ƙaya, mu riƙa ba su ruwa har damina ta sauka.