KEWAR GIDA: LABARIN BAƘIN HOLAN A ƘASAR KANADA

Abin karantawa: Zabura 137:1-6, Irmiya 29:4-7.

Ya ku 'yan'uwa, wurare biyun nan suna magana a kan mutane ɗaya ne, watau Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila. A cikin Zabura mun same su suna kuka, sun kasa raira waƙa saboda tunawa da gida. A cikin Irmiya kuwa annabi ya aika musu da wasiƙa, ya umurce su su kafa gidaje da gonaki a can, su kuma yi wa garin baƙuncinsu addu'a. Sau da yawa mu kan riƙe ɗaya mu saki ɗaya. A darasin watan nan za mu duba yadda kuka da gini suka zauna tare cikin gida guda, a wurin mutanen Holan da suka ƙaura zuwa Kanada bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Me ya tashe su?

Holan ƙaramar ƙasa ce a bakin teku, a Turai. Jamus ta mamaye ta a 1940. A lokacin sanyi na 1944 zuwa 1945 yunwa ta kama biranen yamma, har wajen mutum 20,000 suka mutu. Mutane suka ci tushen furanni, da wani tushe mai kama da dankali wanda a ke matse sukari daga cikinsa. Sojan Kanada suna cikin waɗanda suka fi shan wuya wajen ƙwato ƙasar a 1945. Gimbiya Juliana ma a Ottawa ta zauna lokacin yaƙi, a can ta haifi 'yarta Margriet a 1943. Domin haka sunan Kanada yana da daɗi a kunnen kowa.

Yaƙi ya ƙare, amma wahala ba ta ƙare ba. Gidaje sun yi ƙaranci, sababbin ma'aurata suna zaune a ɗaki guda cikin gidan iyaye. Mutane sun kai miliyan 10, ƙasar noma kuwa ba ta ƙaru ba. Manomi mai 'ya'ya maza biyar ya san ɗaya kaɗai zai gāji gonar. Gwamnati da kanta ta shiga ƙarfafa mutane su fita, har ta riƙa taimako da kuɗin jirgi. Daga ƙarshen yaƙi zuwa farkon shekarun 1960 wajen mutum 400,000 suka bar ƙasar. Fiye da sulusinsu Kanada suka nufa, saura suka tafi Ostireliya, da Amurka, da waɗansu wurare.

Bari mu ɗauki gida ɗaya misali. Ba wani gida sananne ba ne, irinsa dubbai ne: uba manomi, da uwa, da yara shida.

Kafin su tashi sai wani manomin Kanada ya tsaya musu, su kuma su yi alkawarin yi masa aiki shekara guda. Doka ta hana fita da kuɗi mai yawa, sai 'yan daloli kaɗan. Saboda haka suka mai da dukiyarsu kaya. Aka ƙera babban akwatin katako, aka zuba teburi, da kujeru, da keken ɗinki, da agogon bango, da Littafi Mai Tsarki na gidan. A tashar jirgin ruwa ta Rotterdam iyaye tsofaffi suka yi ban kwana da su kamar yadda a ke yi da mai mutuwa, gama ba wanda ya sa rai za a sake ganin juna. Jiragen kuwa na ɗaukar soja ne a dā. Na fari, mai suna Waterman, ya isa Montreal a watan Yuni na 1947 da mutum wajen 1,000. Da yawa daga baya a Halifax suka sauka, bayan kwana takwas ko goma a kan teku. Daga nan sai jirgin ƙasa, kusan mil 3,000 zuwa lardin Alberta. Mutumin da ƙasarsa duka a kan ƙetare ta a yini ɗaya, ga shi ya kwana huɗu yana kallon daji ta taga, bai iso ba.

Gidan da aka ba su ƙaramin ɗakin katako ne a gefen gona. Waɗansu ma tsohon rumbu ko akurkin kaji aka share musu. Ba lantarki, ruwa sai an ɗebo. Aikin kuwa, ku ji abin mamaki: tushen sukarin nan da suka ci saboda yunwa, shi ne aka sa su nome. Uba da uwa da manyan yara, kowa a sunkuye daga safe har yamma, suna rage tsiro. Mutumin da dā shi ne mai gona ya zama ɗan ƙodago, ba ya ma jin abin da maigidansa ke faɗi.

A kan wa nauyin ya fi sauka?

A nan ne mu ke so mai koyarwa ya dakata, gama a nan zuciyar darasin ta ke. Kewa ba ta kama mutanen gida daidai da daidai.

Yara suka shiga makaranta. Da fari aka yi musu dariya saboda tufafinsu da harshensu, har a kan mai da babban yaro ajin ƙanana. Malamai suka juya sunayensu, Jan ya zama John, Hendrik ya zama Henry. Amma kafin shekara ta kewayo sun iya Turanci, sun yi abokai. Uba kuwa yana da aiki, yana da buri. Kowane wata yana ƙirga abin da ya rage masa kafin ya sayi gonar kansa. Gajiya ta kan sa shi barci.

Uwa fa? A Holan ƙofarta tana kusa da ta 'yar'uwarta. Mai burodi da mai madara su kan zo har bakin ƙofa, ta hau keke ta gai da tsohuwarta ta komo kafin abinci ya nuna. A nan maƙwabci mafi kusa yana nesa da mil guda ko fiye. In sanyi ya shiga, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ta kan yi kwana da kwanaki ba ta yi magana da babban mutum ba sai mijinta. In za ta kanti ko wurin likita, sai ta riƙe hannun 'yarta mai shekara goma ta yi mata tafinta. Ku duba wannan da kyau. Uwa ce ke koya wa ɗa magana, ga shi yanzu ɗa ne bakin uwa. Girman da Allah ya ba iyaye ya kan girgiza a irin wannan wuri, ko da ba wanda ya yi nufin reni.

Mutanen Holan suna da suna domin wannan ciwo, su kan ce heimwee, watau ciwon gida. Mun ga sun yi gaskiya da suka kira shi ciwo.

Akwai kuma abin da ya bambanta su da mutanen Babila, shi ya ƙara wa abin nauyi. Yahudawa kwashe su aka yi, suna da damar kuka a fili. Waɗannan da ƙafarsu suka tafi. Wanda ya sayar da kome, ya ƙi jin roƙon tsohuwarsa, da wane baki zai ce ya tuba? Domin haka wasiƙun da a ke aikawa gida ta jirgin sama sau da yawa labarin alheri kaɗai su ke ɗauke da shi: yara suna ƙiba, an sayi saniya, an sayi tsohuwar mota. Ba a faɗin akurki. Ran da waya ta zo cewa tsohuwa ta rasu, an riga an binne ta kafin a ko yi shawarar tafiya, kuɗin ma babu. Mace ta yi makokinta ita kaɗai a gaban murhu.

Ranar Lahadi

Abin da ya riƙe da yawa daga cikinsu taron masu bi ne. Tun 1857 akwai wata ekklesiya ta zuriyar Holan a Amurka, mai suna Christian Reformed Church. Waɗansunmu sun san ta, gama Johanna Veenstra, wadda ta zo ƙasar nan a 1920, ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum, ta rasu a Vom a 1933, 'yar wannan ekklesiya ce. Ekklesiyar ta naɗa wakilai a Kanada. Aikinsu su nemo wa baƙi masu masauki, su tarye su a tasha, su shiga tsakani in rigima ta tashi da mai gona. Kafin 1947 ikilisiyoyinta a Kanada ba su kai ashirin ba, kafin 1960 sun wuce ɗari.

Ran Lahadi a kan cika bayan babbar mota da mutane, a tafi ɗakin taro na aro. A raira Zabura da harshen gida, da muryoyin da kakanni suka sani. Uwa ta miƙa wa yara alewar na'ana'a lokacin wa'azi, kamar yadda a ke yi a Holan. Bayan sujada ba mai gaggawar tashi. A sha kofi, a karanta wa juna wasiƙu, a tambayi inda a ke neman ma'aikaci. Macen da ta yi kwana shida kamar bebiya, ranar nan bakinta ya kan buɗe. Ba da daɗewa ba, mutanen da ba su gama biyan bashin gonarsu ba suka shiga tara kuɗi suna gina ɗakunan sujada da makarantun kansu.

Amma sai mu faɗi gaskiya duka. Bangon da ya kāre mutum daga iska shi ne kuma ya kan hana shi ganin maƙwabci. Waɗansu suka shekara ashirin, ciniki da aure da abuta duka a tsakanin 'yan ƙasarsu. Baƙin Holan 'yan Katolika, da ya ke sun shiga majami'un da suka tarar, sun fi saurin cuɗanya da mutanen gari. Sa'anda aka soma maganar juya sujada zuwa Turanci, tsofaffi suka ji kamar za a sake raba su da gida. Matasa kuwa suka ce ba su gane wa'azin. An daɗe ana yin sujada ɗaya da wannan harshe, ɗaya da wancan, har Turanci ya rinjaya. A ganinmu duka biyu suna da hujja. Wasiƙar Irmiya ba ta tsauta wa masu kuka ba, ba ta kuwa yarda su zauna suna jiran ranar komawa ba.

Waɗansu gidaje sun kasa jimrewa, suka koma. Kada mu yi musu hukunci. Mafi yawa suka zauna, suka sami gonakin da suka yi mafarkinsu. Sa'anda kuɗin jirgin sama ya sauko a shekarun 1960 da 1970, uwar nan ta sami zuwa ganin gida. Ta tarar hanyoyi sun yi mata ƙunci, an gine filin da ta sani, 'yan'uwanta suna faɗin kalmomin da ba ta taɓa ji ba, suna kuma dariyar tsohon harshenta. Ashe gaskiya ne, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bayan mako uku ta soma kewar jikokinta da faɗin sararin Alberta. Ta rasa wanne za ta kira gida.

A garin Brampton, cikin lardin Ontario, zuriyarsu sun gina wa tsofaffi wurin zama mai suna Holland Christian Homes. Masu jiyya a irin wuraren nan sun san wani abu: in tsufa ya ci ƙarfin hankali, harshen da aka koya daga baya shi ya kan fara zubewa. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana Turanci sai ta wayi gari ba ta magana sai da harshen uwarta. Jikanta yana zaune a bakin gado, yana riƙe da hannunta, ba ya jin abin da ta ke cewa. Sai a aika a kirawo 'yar nan da ta yi mata tafinta a kanti tun tana shekara goma, ita ma yanzu da furfura, ta zo ta sāke tsayawa a tsakani.