Doki Bayan An Yanke Masa Hanji

A ƙetaren kogin Klang daga unguwar Kampung Baru ta birnin Kuala Lumpur, a ƙasar Malesiya, inda tagwayen benayen Petronas suke tsaye yau, dā filin sukuwa ne, har 1992. Dawakin sukuwa irin na can, da dawakin hawan salla na Kano da Katsina, hali ɗaya suke ciki: ana ɗaure su a barga, ana cika su da hatsi. Wannan kuwa yana daga cikin abubuwan da ke jawo ciwon ciki, cutar da take kashe dawaki da yawa.

Tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya iya amai. Ƙaramin hanjinsa ya kai tsawon ƙafa 70, nan ne jiki yake tsotse amfanin hatsi. A babban hanji kuwa, waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ke narkar da ciyawa, nan kuma jiki yake shanye ruwa.

In hanji ya murɗe, jini ya daina isa gare shi, sai wurin ya mutu. Dole likitan dabbobi ya fiɗe cikin, ya yanke mataccen, ya ɗinke bakunan biyu. Kwanakin farko su ne masu hatsari, gama hanji yakan ƙi motsi, daga baya kuma yakan manne da ɗan'uwansa.

To, yaya doki yake rayuwa bayan haka? Ya danganta ga inda aka yanke. In ƙaramin hanji ne, doki yakan jure rashin kusan rabinsa. In an wuce haka da nisa, sai rama da zawo, ko da yana ci. In babban hanji ne, kashinsa yakan yi laushi, ƙishirwa ta ƙaru, busasshiyar ciyawa marar kyau kuma ta daina amfaninsa.

Saboda haka aikin likita rabi ne, sauran yana hannun mai barga. A ba doki abinci kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini. A zaɓa masa harawa mai ganye, a rage hatsi, kada ruwa ya yanke a gabansa. Kada a ɗora masa sirdi sai ɗinkin ya warke, watau bayan watanni kamar 3. Wanda kuma ya ga dokinsa yana birgima, yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, ya nemi likita tun da wuri.